Wasiyyar da Ta Kusa Cin Jirgin Surukina

Mijina ya rasu da farkon damina, shinkafar da ya shuka a fadama ko taƙi ɗaya ba ta kai ba. Zazzaɓi ne, bai jima yana jinya ba. Ya bar ni da yara biyu, namiji da mace, macen ba ta daɗe da yaye ba. Muna zaune ne gidan mahaifinsa a Gaya, can unguwar bakin gulbi. Nasara suna nan a bariki lokacin, ko da yake ana ta raɗe-raɗin tafiyarsu ta kusa.

Ina cikin takaba na gane inda na tsaya. Fadamar nan da mijina ya sha cizon sauro a cikinta shekara da shekaru, ba tasa ba ce, ta gandu ce, mallakar tsoho. A shari'a kuwa, ɗan da ya riga ubansa mutuwa, ƴaƴansa ba su da gado muddin baffansu na raye. Baffansu kuma yana nan garau, wan mijina. Ni ma na san abin da ke jirana. In na fita takaba za a mai da ni gidanmu a Bana, a nemo mini wani miji, yara su zauna gidan ubansu. Da ina da abin da zan ci da su, ba mai tilasta mini tafiya. Ba ni da shi. Abin da ya hana ni barci ke nan, ba mutuwar kaɗai ba, tsoron rabuwa da yarana.

Wan mijin nan nawa fataucin goro yake yi. Allah ya jiƙansa, amma gaskiya ɗaya ce, ban taɓa ganin marowaci irinsa ba. Mutum yana da goro huhu-huhu a ɗaki, amma in ya yi baƙo sai ya ɓare ɗaya, ya miƙa ɓari, ya mai da ɓari aljihu. Ba mugu ba ne, ba zai doki maraya ba. Sai dai zai bi kowace loma da ido har ta wuce maƙogwaro, ni kuwa ban haifi ƴaƴana don a yi musu wannan kallon ba.

Surukina kuwa, tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ba na ci a gabansa, ba na kama sunansa, in na hango shi sai in kauce bayan rumbu. Haka aka yi mana tarbiyya. In yana da magana da ni, sai ta bi ta bakin uwar mijina. Ta bakinta na ji cewa tsoho shi ma ba ya barci, kuma ya ƙudura zai yi wasiyya ya bar wa jikokinsa fadamar. Shi ne ma ya riƙa zuwa yana cire wa shinkafar ɗansa ciyawa duk daminar nan, da bayansa mai ciwo.

Da a ce ya tara liman da dattawa biyu ya faɗa musu, da an gama. Amma yana da wani aboki, tsohon soja, wanda ya je yaƙin Nasara ya dawo da ɗingishi da surutu. Shi ya hure masa kunne. Ya ce wasiyyar baki ranar da shaidu suka mutu ta bi su, in ma suna raye wani ya manta, wani ya ji nauyin magaji. Ya ce Nasara suna da wani mutum da suke kira noter, aikinsa ke nan rubuta wasiyya, in ya buga mata hatimi ko kumandan, Baturen bariki, bai isa ya taɓa ta ba. Tsoho bai taɓa riƙe takarda ba sai ta haraji, kuɗin kai, saboda haka maganar ta shige shi.

Ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi bariki. Ya wuni gindin bishiya kafin tafinta ya saurare shi. Da ya dawo ko ruwa bai sha ba, ya zauna bakin ɗakin matarsa yana lissafa mata, ni ina jin su ta cikin zana. Wai mutumin ba ya Gaya, ba ya Dosso, sai Yamai. Sai ya biya kuɗin kamiyo, babbar mota, zuwa da dawowa, nasa da na shaidunsa. Sai masauki da abinci, don ba a san ranar da za a gan shi ba. Mai rubutun yana da ladansa, wanda zai juya maganar zuwa Faransanci yana da nasa, kuma kowane shafi sai an manna masa tambur, wato kan sarki, shi ma da kuɗinsa. Tsohuwa ta tambaye shi duka nawa ke nan. Ya ce kamar kuɗin jirginsa na ruwa.

Jirgin nan shi ne cin gidan. Da shi ake ƙetarar da mutane da kaya zuwa Malanville ranar kasuwa, da shi ake kwaso itace da kifi. Ban ɗauka da gaske yake ba sai da na ji wani Basorke masunci ya zo daga ƙetare yana ƙwanƙwasa cikin jirgin yana tayawa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wato don a rubuta cewa ƴaƴana za su ci gaba, sai gidan gaba ɗaya ya kwana da yunwa yanzu? Gobe kuma a ce ƴar mutanen Bana ce ta cinye jirgin gidan miji.

Ranar da na fita takaba, bayan la'asar, na yi abin da ban taɓa yi ba. Tsoho yana zaune a tabarma, matarsa tana gefe tana kaɗi. Na je bayan zana na durƙusa.

"Baba, don Allah kada a sayar da jirgin saboda ni."

Mazarin tsohuwa ya tsaya cak. Tsoho bai juyo ba. Ya daɗe yana murza gemu, sannan ya yi magana da matarsa kamar ba na wurin.

"Faɗa wa uwar yaran nan ba saboda ita ba ne. Ina so in shiga kabari ban bar ƴaƴan ɗana suna kallon hannun kowa ba."

Na koma ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Na ji daɗin maganar, kuma ta ƙara mini nauyi, don ban ga mafita ba.

Ana nan sai wan mijina ya dawo daga fatauci. Tun bai sauke kaya ba wani ya tsegunta masa a tasha. Ya shigo gida yana huci, yana tambaya wane ne ya ce a sayar da jirgi. Na ce a raina shi ke nan, magaji ya zo zai rushe komai. Na kasa kunne. Abin mamaki, ko sau ɗaya bai ambaci fadama ba. Abin da ke cinsa shi ne a ɗauki jirgi sukutum, mai kawo kuɗi kowace kasuwa, a musanya shi da takarda. Ya ce takarda ba ta ƙetare gulbi, kuma gara ce za ta cinye ta a akwati. Tsoho ya ce ba gudu ba ja da baya, sai ya bar wa jikokinsa abin da ba mai ƙwacewa. Wan mijina ya kaɗe riga ya fita, ya nufi gidan liman. Daga baya matar liman ta ba ni labari tana dariya, wai ko gaisuwar kirki bai yi ba ya tambaya ko akwai hanyar da za a yi abin nan ba a kashe ko tamma ba.

Akwai kuwa. Liman ya zo da kansa ya bayyana wa tsoho. Ya ce wasiyya tana jiran mutuwa, kuma bayan mutuwa ne ake jayayya. Amma mutum in yana da rai da lafiya da hankalinsa, yana iya kyautar da abinsa ga wanda ya so. Sharaɗin ɗaya ne, kuma shi ne mai wuya. Sai mai kyauta ya cire hannunsa kwata-kwata, waɗanda aka ba su karɓa su riƙe, jama'a suna gani. In ya ci gaba da nomawa yana kai amfanin rumbunsa, ranar da ya mutu kyauta ta tashi, gona ta koma gado. Tun da yaran ƙanana ne, sai a sa wani ya riƙe musu, kuma aka ce ni.

Na san lissafin wan mijina sarai. Jirgi zai zama nasa wata rana, kuma in ina ciyar da yarana daga fadama, bakuna biyu sun ragu a tukunyarsa. Ko a jikina. Rowar da na yi shekaru ina tsinewa a zuci ita ce ta tashe shi ya je gidan liman, har yau kuma in na tuna sai in yi masa addu'a ina murmushi.

Aka sa rana, aka taru a bakin fadama, shinkafa ta nuna ta sunkuya. Ga liman, ga maƙwabtan iyaka, ga tsohon soja yana gunaguni wai abu ba hatimi. Tsoho ya zagaya da su ya nuna iyaka, daga tudun giginya zuwa bakin ruwa, ya faɗa da ƙarfi cewa ya ba jikokinsa biyu, halak malak, uwarsu ce mai riƙo. Liman ya tambayi wan mijina ko ya ji, ya ce ya ji. Aka miƙo mini lauje na yanki damƙi ɗaya a gaban kowa, aka shafa fatiha, aka raba goro. Goron ne kaɗai abin da aka kashe, shi ma sai da tsoho ya saya a wurin ɗansa.

Sai da aka zo girbi na gane abin da tsohon nan ya biya. Matan unguwa da ƙannena daga Bana suka zo mini gayya. Shi kuwa ya zo ya zauna a tudu, bayan iyaka, ya rungume gwiwa. Shinkafar ɗansa ce ta ƙarshe, shi ya raine ta da hannunsa har ta nuna, ga shi yana kallo wasu na yanka. Liman bai ce kada ya taka gonar ba, amma shi ya ƙi ko da sa ƙafa, wai kada gobe wani ya ce ya gan shi a ciki. Ina hango shi yana miƙewa in ya ga an bar zangarniya a baya, sai ya tuna, ya koma ya zauna.

Da rana ta yi sanyi na ɗaure ƙaramin dami na ɗora wa ɗana a ka, na ce ya kai wa kakansa. Na bi bayansa na tsaya nesa kaɗan, na ba su baya. Tsoho ya fara tsokanarsa, wai mai gona ne da kansa ya zo ba almuhtaji sadaka? Yaron ya ce ai tasa ce, in ya ga dama ya hana. Tsoho ya yi dariya har da tari. Sannan ya karɓi damin ya ɗora a cinya, ya dubi yaron ya ce:

"Je ka faɗa wa uwarka ta kwance ƙullin kayan nan da ta ɓoye bayan gado. Ba inda za ta."

Ban taɓa faɗa wa kowa na ɗaure kaya ba, ko tsohuwa ba ta sani ba a zatona. Na tsaya da lauje a hannu, hawaye suna zuba, matan gayya suna kirana in zo mu ƙarasa. Da muka koma gida na jawo ƙullin na kwance, na mai da tasoshina inda suke, na ɗora tukunya.