Jan fenti a katanga

Mu a bayan Ƙofar Rini munka zauna, can gangare inda gari ya ƙare, fadama ta soma. Tun da malam ya rasu ba ni da kowa nan sai maƙwabciyata, tsohuwa irina. Ciyayya muke. In na tuƙa tuwo in miƙa mata ta saman katanga, in ta dama fura ta miƙo min. Ba a mai da kwano wofi, ko ɗan daddawa ne sai an sa.

Wata shekara masu duba yanayi na gwamnati sunka ce a rediyo damina za ta yi nauyi, gulbi zai cika ya kwararo. Da can faɗi kawai suke, kowa ya ci gaba da harkarsa. Wannan karon gwamnati ta ɗauki maganarsu. Sai ga ma'aikata da bokitin jan fenti, suna bi gida gida suna shafawa, wai muna bisa hanyar ruwa.

Na ce da mai shafawar, "Ɗana, kai ka ga ruwan?"

Ya ce, "Inna, ban gani ba. Su ne sunka gani a na'ura."

Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "To ka gyara hannu, tunda katangar ba ta taɓa ganin fenti ba."

Munka yi dariya. Ba gidan nake ji ba, ginin laka ne. Na san in anka tashe mu, ba wuri ɗaya za a kai mu ba.

Haka kuwa anka yi. Ɗan cikina ya kawo a-kori-kura ya kwashe ni zuwa gidansa Mabera. Ita ɗiyarta ta tahi da ita ƙauye. Kwanonta na hannuna ranar, ban samu abin zubawa ba, na taho da shi.

Ruwan ya zo. Ba zan yi musu ƙarya ba, gaskiya sunka faɗa. Ya ci unguwar har bishiyar darbejiya ta kwanta. Da muna ciki da yanzu wani zancen ake.

Nan Mabera katanga ta fi ni tsawo sau biyu, ga waya mai ƙaya bisa. Safe na yi kowa ya fita aiki. Zaman shiru ne ya kai ni ajin manya, na koyi karatu da furfurata. Yanzu ni ke karanta saƙon masu yanayin a waya, nakan duba na yankin su maƙwabciyata kafin namu.

In na ga an ce ruwa, sai in sa a kira min ita. Kunnenta ya yi nauyi.

"An ce gobe za ku sha ruwa."

"Wa ke magana?"

"Ni ce."

"To, to. Lahiya lau muke."

Sai ɗiyar ta karɓe wayar ta ce Inna ta gaji.