Shinkafar Da Yaya Sale Ya Hana A Nome

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Malam Sale, Allah ya jiƙansa, kuma bana ne fadamarsa da ke can wajen Mai'adua ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata gari. Kanwa ce ta taso. Ɗansa Nura ya dasa shinkafa, ta ƙone tun tana ƙarama, ya sake dasawa, ta sake ƙonewa. Har ya fara maganar sayar da wurin don ya sayi babur. Ni da na buɗe ido a fadamar nan, maganar ta hana ni sakat.

Yaya Sale mutum ne mai taurin kai, ba zan ɓoye ba don ya rasu. A gefen fadamar akwai wani kududdufi inda kanwa ta fi yawa, har makiyaya kan kawo shanu lasa da rani. Duk abin da aka shuka a nan ba ya yi. Shinkafar daji ce kaɗai ke fitowa da kanta kowace damina, doguwa, mai jan gashi a ka. Maƙwabta nome tasu suke yi, don in ta shiga cikin ta gida sai ta ɓata buhu. Shi kuwa ya ce duk wanda ya sa wa tasa fartanya, to ya shirya rigima.

Mu mata ke ɗibarta. Ba a sa mata lauje, da an taɓa ta ƙwayar ta zube. Sai dai mu shiga ruwa da ƙwarya, muna kaɗa kawunan a ciki. Gashin nan kuwa, wayyo ƙaiƙayi! Ina mita, shi yana tsaye a bakin ruwa yana cewa, "Binta, kada ki kwashe duka, bar wa laka rabonta."

Shi ya nuna mini yadda take yi da kanwa. Ya tsugunna ya ɗaga ganyayen ƙasa, tsofaffin, sun bushe ƙamas, na sama kuwa kore shar. Ya ce gishirin da ta sha can take tura shi, tsohon ganye ya mutu da shi, sabo ya tsira. Har sai da ya sa na tauna busasshen. Na tofar, na ce ya cika fitina, ya yi ta dariya.

Bayan rasuwarsa Nura ya kawo injin ban ruwa, ya shiga noman rani. Masu saye ba sa son ganin jar ƙwaya a cikin shinkafa, sai ya bi kududdufin da maganin ciyawa, shekara bayan shekara, har ta daina fitowa. Ban ga laifinsa ba, yaro ne mai iyali, kuma kowa haka yake yi. Amma ruwan rijiya yana bushewa yana barin kanwa a sama, kanwar tana rarrafowa har ta cinye gonar.

Bara wani malamin gona ya zo yana cigiyar shinkafar daji mai jure kanwa. Ya ce masu bincike suna haɗa irinta da na gida, ko a samu wanda zai yi a ƙasa irin tamu. Mutanen gari suka ce, ai sai fadamar Sale. Ya je ya tarar da laka tsirara. Ranar Nura ya kira ni a waya ya faɗa mini, yana ta nadama.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga fadamar yau. Na san shi: tsaki zai ja, ya ƙi kallon kowa, ya naɗe wando ya shiga laka yana dubawa. Abin da ke ci mini rai shi ne, duk mun ɗauki abin nasa rigimar tsufa ce kawai.

Makon jiya Nura ya zo Daura inda nake zaune ya ɗauke ni zuwa gonar. A kusurwar kududdufin, cikin farar ƙasar nan, wasu 'yan tsiro sun fito. Ashe Nura ya je feshin maganin ciyawa ne ya gan su, ya fasa, ya bar tankin feshin a gefe.

"Goggo, ita ce?"

Na tsugunna na duba, na sake dubawa. Kafin ta fid da kai, ita da ta gida da ciyawa duk ɗaya suke a idona. Yaya kan gane ta daga tsaye tun tana ganye biyu. Ni sai ta yi gashi.

Na ce, "Wallahi ban sani ba, Nura. Wanda ya sani yana kwance."

Sai ya kare wurin da ƙaya saboda shanu, ya ce ba zai sayar ba sai ya ga abin da kaka ta nuna.

Gidan Yaya an raba, shanunsa sun ƙare, muryarsa ma ta fara ɓace mini. Abin da ya rage nasa, in Allah ya sa ita ce, shi ne 'yar ƙwayar nan da ya hana ni kwashewa.