Baba Haruna da Furen da Ya Sauko da Shi daga Dutse

An aike ni sayen taki a unguwar Al-Sih ta Madina bayan la'asar, sai Usmanu, abokin aikinmu ɗan Cadi, ya kira ni. "Ya akhi, Baba Haruna ya faɗi a bakin famfo. Khalas, ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tsayar da mota a gefen titi cike da fushi.

Kwana huɗu yana dafe ƙirji. A gabana ya roƙi mushrif, mai kula da gonar dabinon da muke aiki a Ƙuba, ya bar shi ya je asibiti. Mutumin ko kai bai ɗago daga wayarsa ba. Ya ce, "Bukra, ya Hajji," wato sai gobe. Ina tsaye na yi gum saboda tsoron rasa iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar. Wannan shirun har yau ban yafe wa kaina ba.

Baba mutumin Tawa ne, shi ya koya mini barbarar dabino. Bai taɓa cin abinci wani na kallonsa ba. Wata shekara ya bi mai gona zuwa duwatsun yammacin Madina, ya dawo da wani tsiro a gwangwani: ganye mai ƙaiƙayi kamar harshen saniya, furanni shuɗɗa ƙanana. Ya dasa shi a inuwar katanga, ya jera masa tsakuwa. Duk bazara sai ya bushe ƙurmus, mu yi ta dariya. Baba ya ce, "Ku bar shi, saiwarsa na nan, sanyi yake jira." Kuma da sanyi ya zo sai tsiron ya dawo. Yakan ce mini, "Ɗana, baƙo ne kamarmu, kada ka cika masa ruwa, bai saba ba."

Washegarin jana'iza na tarar mushrif ya sa an tuge tsiron, wai ciyawa ce, wurin ajiye mota yake so. A ranar bakina ya buɗe. Na ce, "Mai shi ka hana shi asibiti, wannan kuma me ya yi maka?" Ya ce in kama hanya. Na tsince saiwoyin a cikin shara, na kai wa Inna Hajara, matar Baba, a unguwar Bani Harisa. Ta karɓa da hannu biyu.

Allah ka ji ƙan Baba Haruna, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna Hajara da 'ya'yanta haƙuri, ka zama gatansu a ƙasar nan. Wanda ya hana shi magani kuwa, ya Allah, kai ne mai hisabi. Amin.