Sanda Mai Wankin Hula da Littafi na Uku

Duk wanda ya bi ta layin masallaci a Hayin Banki da hantsi, hulunan Sanda zai fara gani kafin ya ga Sanda. Suna nan jere a rana kan kawunan katako, zanna da damanga da ƙube, kamar an gayyato manyan gari taro sun aiko da kawunansu sun bar gangar jiki a gida. Shi kuwa yana can baya tsugune da buroshi da bahon kumfa, baki ba ya hutawa. Yakan ce a ba shi hula kawai ya faɗi halin mai ita: ta ma'aikacin gwamnati turare ya fi gumi yawa, ta ɗan kasuwa gumi ya fi turare, ta ango kuwa ba ta da datti, tsoro ne ke sa a kawo ta.

Ɗan Rigachikun ne. Yana saurayi kawunsa ya kawo shi Kaduna ya koya masa sana'ar, yau shekararsa hamsin da takwas bai sake wata ba. Ya yi allo har ya sauke, kuma in ajami ne a miƙo masa ko a juye. Boko ne dai suka yi hannun riga. In ya dubi shafi sai ya ga kamar an watsa wa tururuwa ruwan zafi. Lambar hula kaɗai ya sani, ita ma don ci ne.

Matarsa Rahmatu 'yar Abakpa ce, mahaifinta akawu, ta yi sakandare har aji uku. Satin farko da tarewarta ya ga wani ɗan littafi ƙarƙashin matashinta, ya tambaye ta me aka ce a ciki. Ta karanta masa shafi ɗaya tana noƙe kai. Shi ke nan, aka jawo ruwa. Shekara ashirin da tara, kullum in ya dawo sallar la'asar sai ya kwaso hulunan da suka bushe ya shigo tsakar gida, ya hura gawayi a dutsen guga, ita kuma ta shimfiɗa tabarma gindin gwaba ta buɗe littafi. Tana sauya murya: ta tsohuwa daban, ta mugu daban, ta ɗan sanda kuwa har kafaɗa take ɗagawa. Shi aikinsa katsalandan. Ya zagi wannan, ya ba wancan shawara, ya rantse da ya san gidan marubucin da ya je sun yi ta. Sai ta ɗora yatsa kan layi ta ce, "Malam, ko ka yi shiru ko in rufe." Ya yi shiru na tsawon hula ɗaya. Tun daga nan yake kiranta Malama, har 'ya'yansu suka tashi suna zaton sunanta ke nan.

Shekarar da suka aurar da autarsu Nafisa, gida ya rage su biyu, wani littafi ya shigo unguwa mai suna Hula Ta Bakwai, kashi uku. Labarin wani ne da ke kashe mutane ɗaya bayan ɗaya a wani gari da ba a ambata ba, kuma duk gawar da aka tsinta sai a ga sabuwar hula wankakkiya, da karinta, an ajiye kusa da kai. Wani sufeto mai ciwon ƙafa ne ke bin sawu. Littafin ya hana Hayin Banki sakat. Matan layin suka daina shiga Keke su kaɗai. Wata maƙwabciya ta ƙona tuwo sau biyu a sati guda, ta ce sufeto ne ya ja mata. Wani tela ya rantse ba zai ƙara karantawa ba, hawan jininsa ya tashi, washegari aka gan shi yana neman aron na biyu. Shi kuwa Sanda ya shiga uku da abokan ciniki. Mutum zai miƙo hula ya riƙe gefenta, ya ce a dai mayar masa a hannu, kada a kai masa gida. Sanda ya ce kada su damu, mai kisan lamba ashirin da biyu yake bi, su kuwa kawunansu sun wuce nan tun suna goye.

A gida ma an rabu biyu. Rahmatu ta kafe a kan direban sufeto, ta ce mutumin da ya cika ladabi haka akwai abin da yake binnewa. Sanda ya ce sam, a duba karin hular, wanda ya iya wannan kari ya taɓa riƙe dutsen guga. Sun cinye na ɗaya cikin kwana tara, na biyu cikin sati uku. Da aka shiga na uku sai tafiya ta canja. Rahmatu ta koma shafi biyu a rana, wani lokaci ɗaya. Ta karanta layi ta tsaya, ta juya littafin wajen haske, ta ce bugun ba kyau, tawadar ta yi ruwa. Wata rana ta ce kai ke mata ciwo. Sanda ya ɗauka jan rai ne irin nata, don ta san an bar sufeto ɗaure a wani kango, mai kisa na wasa wuƙa. Kwana huɗu mutumin nan yana ɗaure. Sanda ya ce ko akuyar layya ba a yi mata haka.

Maƙwabcin rumfarsa Ɗanasabe mai cajin waya shi ya kawo fitinar. Ya ce wai har yanzu Sanda takarda yake jira? Ai an daɗe da ɗora littafin a waya, wata yarinya ke karantawa, murya kamar ta gidan rediyo. Sanda ya ce a'a. Ya sake cewa a'a. A karo na uku ya ce to a ɗan kunna masa wurin kangon kawai, ya ji ko an kwance bawan Allah. Wanda ya ce zai ɗanɗana miya da yatsa ɗaya, ai kun san ƙarshensa. Hantsi biyu, yana cuɗa hula wayar na jingine da bahon sitaci, ya shanye littafin tas har sunan mai kisan.

Ya yi niyyar rufe bakinsa, Allah ya sani. Amma bakin Sanda ba ƙofa gare shi ba, labule ne. Da la'asar Rahmatu ta kai inda wuƙa ta taɓa wuyan sufeto, muryarta na rawa, ta tsaya ta ce wayyo, shi ke nan sun kashe shi. Sanda, kansa na kan guga, ya ce ta kwantar da hankalinta, ai mai gadin makarantar nan zai shigo da fitila yanzu.

Ba a kai ga mai gadi ba. Ba a ma taɓa ambaton makaranta ba.

Rahmatu ta dube shi. Ba ta tambayi wa ya gaya masa ba, shi ya yi ta zuba da kansa, har da cewa muryar yarinyar ba ta kama ƙafar tata ba, wanda ya ƙara ɓata lamarin. Ta naɗe kusurwar shafin, ta rufe littafin a hankali.

"Tunda ka samu mai karanta maka, Malam, ni na huta."

Ba ta yi yaji ba, da ma ta yi, da ya san gidan da zai je biko. Tuwonsa na nan kan lokaci, ruwan wankansa na nan, gaisuwa ba ta ragu ba. La'asar ce kawai ta mutu. Ya shigo da hulunansa ya hura gawayi, ita tana ɗaki ko tana tsintar shinkafa, ba abin da ake ji sai tsatsar dutsen guga da rediyon maƙwabta. Ya kawo tsire daga Kawo, an ci an gode. Ya kawo atamfa, an sa albarka. Ya sayo sabon littafi ya ajiye kan tabarma kamar mantuwa, ya dawo ya tarar an ɗora shi kan taga an danne shi da kofi. Ɗanasabe ya ce ya zo a kunna masa wani, Sanda ya ce in ya ƙara jin muryar yarinyar nan sai ya tsoma wayar a sitaci. Abin da yake so ba labari ba ne, ashe. Ya fi kowa sanin yadda labarin ya ƙare, kuma bai ƙare shi da komai ba. So yake ya ji an ce masa ko ya yi shiru ko a rufe. Wata rana ya kama kansa yana yi wa hular wani alhaji katsalandan shi kaɗai, ya ƙona mata gefe.

Wata biyar ana haka. Ran nan Nafisa ta zo wuni daga Abakpa, da za ta tafi ta tsaya a rumfarsa, ta tsuguna kamar mai gaisuwa ta ƙi tashi. Ta ce ita ta raka Malama asibitin ido tun kafin azumi, an ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci. An ba ta magani na ɗigawa don a tsare abin da ya saura, amma wanda ya tafi ba ya dawowa. Manyan abubuwa tana gani, rubutu ne ya gagara. Malama ce ta hana a gaya masa.

"Baba, shafi ɗayan nan da take maka, da safe take zama ta haɗa shi kalma kalma in ka fita, ta haddace. Da la'asar riƙe littafin kawai take yi."

Sanda ya ajiye buroshi. Ya tuna kwana huɗun da ya yi yana mita a kan akuyar layya. Ya sa hannu cikin baho ya daɗe bai fito da shi ba.

Cikin masu kawo masa wanki akwai Malam Sharhabil, tsohon hedimasta da ya yi ritaya, mai huluna uku da yake juyawa kamar tayar mota. Washegari Sanda ya riƙe masa hula ya ce ba zai bayar ba sai an koya masa boko. Malam Sharhabil ya yi dariya har ya ga ba wasa ba ne. Aka fara a bayan rumfa da hantsi, lokacin da huluna ke shan rana. Wahalar farko hannu ce: idon Sanda ya saba tashi daga dama, sai ya riƙa afka wa kalma ta wutsiya. Malam Sharhabil ya ɗaura masa zare ja a babban yatsan hagu, ya ce daga nan ake shiga gari. Masu wucewa suka samu abin yi. Ɗanasabe ya riƙa tambaya ko a sayo wa ɗalibi ƙaramin wando da jakar goyo. Sanda ya ce a sayo, amma a haɗo da wanda zai karanta wa Ɗanasabe sunan da ke jikin rumfarsa, don shekara shida an rubuta caji ba daidai ba. Wannan shi ne abu na farko da ya karanta da kansa a duniya, kuma ya more shi.

Bai gaya wa Rahmatu ba. Abu biyu ke nan ya riƙe a ciki wata takwas, karatun da sunan mai kisan, har ya ce shi ya sa tumbinsa ya fito.

Ranar wata Laraba bayan ruwa ya ɗauke, ya dawo la'asar bai hura gawayi ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko Hula Ta Bakwai na ukun daga ƙarƙashin akwatinta, inda ya daɗe da sanin yana nan. Ya shimfiɗa tabarma gindin gwaba ya zauna a gurbinta, ya buɗe inda kusurwa ke naɗe. Rahmatu na bakin madafa tana gyaran zogale. Ya ɗora yatsa mai jan zare, ya fara, da ƙarfi kamar mai kiran salla, harafi na tuntuɓe da harafi. Layin farko ya ci masa kusan minti biyu. Hannunta ya tsaya cikin tire.

Ya kai wata kalma ya yi ta dambe da ita, ya ce sufeto ya ji sanyin wuta a wuyansa.

"Wuƙa," in ji ta daga can, ba ta ɗago ba. "Wuta tana da sanyi ne?"

Ya ce to ai marubucin ne bai iya rubutu ba. Ta ce marubuci ya iya, makarancin ne dai a duba. Ya ci gaba. Can sai ya ji motsin tire, ta taso ta zauna a bakin tabarmar, wajen da dutsen guga ke zama, zogalen a cinyarta. Muryarsa ɗaya ce tal, sufeto da mugu duk Sanda ne mai wankin hula, kuma ya san ba zai ƙara jin tsohuwar nan ko ɗan sandan nan mai ɗaga kafaɗa ba. Ya gyara zama ya ci gaba da karatu.

Da mai gadi ya shigo da fitilarsa, ta yi ajiyar zuciya, ta ce ita dai har gobe direban nan ne, a bar ganin ladabinsa.

Ba direban ba ne. Sunan na nan kan harshen Sanda, yana motsi kamar ɗan tsako cikin ƙwai. Saura shafi sittin da ɗaya, a tafiyarsa kuwa wata biyu ke nan in Allah ya kai rai. Ya haɗiye, ya lashi yatsa ya juya shafi.

Ta ce ya ɗan ɗaga murya, kuma ya daina gudu, ba kora ake yi ba.