Tela a Bakin Mayo

Shekarar da kasuwa ta mutu, har ɓeraye suka yi ƙaura daga shagona, gwamnati ta ɗebi marasa aiki irina don tare zaizayar ƙasa a Mayo Bani. Mu cika buhu da yashi, mu jera a bakin kwari.

A cikinmu akwai wani tela, siriri kamar tsinken tsire. Ya ɗaga buhu ɗaya, buhun ya kayar da shi. Shugaban aiki ya ce, "Baba tela, daga gobe ka huta a gida." Ga 'ya'ya cike da gida, kuma ba mai ɗinka sabon kaya a lokacin.

Washegari sai ga shi cikin keke napep, rungume da keken ɗinkinsa. Ya dasa shi ƙarƙashin mangwaro, ya jawo tulin yagaggun buhunan da muka zubar. Wallahi har Kamaru an ji ƙarar keken nan! Buhu ya fashe, mu jefa masa, ya dawo ya fi sabo ƙwari.

Shugaba ya ja ɗinkin da hannu biyu, ya kasa ɓarkawa. Ya ce, "Baba, gobe ka taho da zare da yawa."