Ruwan Dam Ya Ci Mijina, Aka Hana Ni Takaba

Edita, ina yi maka sallama. A shekarun da zan ba da labarinsu, ni matar aure ce mai ɗa ɗaya, ina suyar wagashi, wato cukun nonon shanu, a bakin titi a Zangon Lome, wato sabon Zangon da aka kwaso mu aka jibge a bayan gari bayan an rushe tsohon. Ban yi boko ba, amma Allah ya ba ni baki, kuma duk layinmu sun shaida haka. Maigidana dillalin shanu ne, mai sanyin hali, irin mutumin da in na yi faɗa na gaji sai ya tambaye ni ko da sauran miya. Zamanin jam'iyya ɗaya ne, ba a maganar gwamnati sai an waiga hagu da dama.

Sana'arsa takan kai shi wata fadama a bakin wani babban kogi, inda ake ajiye shanun da aka kawo daga arewa su yi ƙiba kafin a shigo da su kasuwa. Ya san kogin nan tun yana saurayi. Yakan ce da ya ga launin ruwa da irin ciyawar da yake ɗaukowa ya san ko zai cika. Sai aka gina dam can sama da fadamar, aka yi ta yayata shi a rediyo har kunne ya gaji. Daga nan kogin ya daina bin damina, ya koma bin hannun mutanen da ke riƙe da ƙofofin dam ɗin. Wannan ne mijina bai lissafa ba, kuma ba wanda ya zo ya faɗa wa masu kiwo a fadamar.

Ya tafi kamar yadda ya saba, ya ce zai dawo kafin Juma'a. Wanda ya dawo shi ne makiyayin da ke yi masa kiwo, wani Bafulatani daga Nijar. Ya same ni ina tsaka da suya, ya tsuguna nesa kaɗan, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce suna ƙetarar da shanu ta mashigin da ruwa bai wuce gwiwa ba, rana tsaka, sama tas babu ko ɗigon hadari. Ba su ji jiniya ba, ba su ji kiran kowa ba, sai wani gurnani daga sama da kogin. Shi yana kusa da gaɓa, ya samu ya rungume bishiya. Maigidana yana tsakiya a bayan garken. Ya ce ya ga kan maigidan ya ɓullo sau ɗaya, sannan bai ƙara ganinsa ba. Ya bi gaɓar kogin da masunta suna nema, sun ga gawar shanu, sun ga gonakin mutane a kwance ƙarƙashin ruwa, amma ba su ga tasa gawar ba.

Ban yi ihu ba. Na sauke kasko, na shiga gida, na fara kwance kitso don in shiga takaba. Kafin la'asar wani dattijon unguwarmu, wanda shi ke shiga tsakaninmu da hukuma, ya aiko a kira ni. Ya yi mini ta'aziyya a hankali kamar mai tsoron bango ya ji. Sannan ya ce rediyo ya riga ya faɗi cewa ruwan bai taɓa ran kowa ba, kuma duk wanda ya ce dam ya kashe mutum ya ƙaryata gwamnati ke nan. Ya tuna mini cewa an taɓa tashin Zango sau ɗaya, kuma ana kallon yawancinmu a matsayin baƙi ko da a nan aka yanke mana cibi. Ya roƙe ni, don Allah da darajar mutanen unguwa, in an tambaye ni in ce maigida ya yi tafiya. Ya ce na ɗan lokaci ne, har ƙura ta lafa.

Ban yarda nan take ba. Na ɗauki ƙanena da ya yi boko kuma yake jin Faransanci, muka hau mota har bakin dam ɗin. Mun daɗe a rana kafin wani ma'aikaci ya fito, sanye da farar riga, kuma ba zan ɗora masa ƙarya ba, bai wulaƙanta mu ba. Ya ce ruwan arewa ya cika tafkin, da ba su buɗe ƙofofi ba da bangon ya fashe, da abin ya fi haka muni. Na ce ƙanena ya tambaye shi, to wa aka sa ya gaya wa mutanen da ke cikin kogin? Ya ce su sun sanar da ofishin perefe, wato shugaban gundumar, aikinsu a bango ya tsaya. Muka je ofishin perefe, aka ce saƙo ya tafi wurin masu garuruwa. Wani mai gari da ƙanena ya samu ya rantse cewa ruwan ya riga saƙon isowa. Kowa ya nuna na gaba da shi, kowa hannunsa fes. A ƙarshe wani jandarma ya tambaye mu ina gawa, ina shaida. Ya ce in babu su, mu kama hanyar Lome tun yana ganin mutuncinmu.

Shaidata ɗaya ce, makiyayin nan, kuma ba shi da takardun zama. Da ya ji an fara ambaton jandarma sai ya tattara ya bar ƙasar. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Na koma wurin limaminmu, ya saurare ni har da ƙwalla, amma ya ce babu gawa, babu shaidun da za su tsaya a gaban jama'a, don haka a shari'a mijina ɓatacce ne, sai na jira shekara huɗu. Ba a yi masa salla ba. Ba a yi sadakar uku ba, balle ta arba'in. Na gaji, na ji tsoro, na fara faɗin abin da aka ce in faɗa. Duk mai sayen wagashi da ya tambayi maigida sai in ce ya yi tafiya. Haka na gaya wa yarona ma, don yaro ba ya riƙe magana.

Bayan 'yan makonni aka zo tara matan Zango zuwa animasiyo, wato rawa da waƙar yabon jam'iyya da ake kwasar mutane dole. Mai takaba ce kaɗai ake ɗaga wa ƙafa. Ni kuwa ba mai takaba ba ce, da bakina na ce mijina yana raye. Aka ɗaura mini zanen jam'iyya, na shiga layi, na yi rawa a rana ina tafi, kuma cikin waƙoƙin ranar har da ta yabon dam da ya kawo wa ƙasa haske. Na rera ta, Edita.

Ƙurar da aka ce za ta lafa ba ta lafa ba, magana ce ta canja kama. Mutumin da ya yi tafiya bai aiko ba, ai gudu ya yi. Wani ya ce an gan shi a Abijan, wata ta ce ya yi sabon aure a Kumasi, har aka samu masu cewa bakina ne ya kore shi, kuma da yake an san bakin nawa, sai aka gaskata. Yara suka riƙa tsokanar ɗana da haka a makarantar allo. Da shekaru huɗun suka cika na yi takabata ni kaɗai, ba mai zuwa gaisuwa, don a idon mutane ina zaman makokin wanda yake can yana shan shayi da amarya. Dattijon nan ya rasu, liman ya rasu. Lokacin da bakin mutane ya buɗe aka fara magana ba tsoro, ba wanda ya rage da zai ce ya ji labarin daga makiyayin sai ni da ƙanena.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. Ban ce kada a buɗe dam in ya cika ba, ni ma na fahimci wannan. Amma wanda ke riƙe da ƙofar ruwa ya sani cewa aikinsa bai ƙare a bango ba, yana nan a wuyansa har inda ruwan ya tsaya, kuma aika saƙo ofis ba shi ne gaya wa mutum ba. Har yau nakan ji an saki ruwa a wani wuri ya kwashe gonaki da mutane, kuma amsar ba ta canja ba. Ba na sa ran za ta canja ina raye. Masu kiwo da noma a ƙasan dam, kada hasken sama ya ruɗe ku. 'Yan'uwana mata kuma, duk wanda ya roƙe ku ku ɓoye mutuwa na ɗan lokaci, ko waye shi, kada ku yarda, don ba a karɓo irin wannan magana in ta fita.

Ranar da ɗana zai yi aure na zaunar da shi na faɗa masa gaskiya duka, tun daga mashigin har rawar. Ya saurare ni da ladabi har na gama. Sannan ya ce ya gode, ya san ina so in rufa wa mahaifinsa asiri ne, amma shi ya girma, ba sai na wahalar da kaina ba. Yanzu yana da furfura, yana da 'ya'ya. In aka ambaci ubansa a gabansa, ni nakan ce Allah ya jiƙansa, shi kuwa har yau bai taɓa cewa amin ba.