Kawu da Agogon Kotu

Garinmu ba shi da abin nuna wa baƙo sai gini biyu: kwalejin jan bulo mai doguwar baranda, da tsohuwar kotun dutse da ke fuskantarta. Kotun na da manyan ginshiƙai a gaba, matakalarta ta lotsa a tsakiya saboda sawun masu ƙara, a sama kuma ga hasumiya mai agogo. Kawu, wan mahaifiyata, shi ke kula da agogon tun ba a haife ni ba.

Kullum da safe zai hau matsattsen tsanin katakon nan da mai tumbi ba ya shiga, ya wana agogon, ya ɗiga masa mai, sannan ya ja hannun agogon baya kaɗan. Duk gari an sani. Ɗalibai su yi ta mita yana sa su makara aji, shi ko a jikinsa. Hujjarsa ita ce mutanen ƙauye da ƙafa suke zuwa, alƙali kuma da bugun agogon yake fara kiran shari'a, wanda aka kira ba ya nan ya shiga uku. Alƙalai sun zo sun tafi, kowa ya kau da kai. Shi kansa Kawu bai taɓa ɗaura agogo ba, wai a jikinsa yake jin lokacin zaman kotu.

Bara aka zo gyaran ginin. Gaskiya sun yi aiki, sun kankare fentin da wani mara tunani ya lafta wa dutse, tagogin nan masu baka suka fito fes. Sai dai sun sa wa agogon injin lantarki, suka garƙame ƙofar tsanin, aka yi wa Kawu godiya aka sallame shi. Ni abin ya ƙona min rai.

Ana nan maƙwabci ya maka Inna, mahaifiyata, a kotu, wai katangar bayan gidanmu ta ci masa fili. Kawu kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga kafa ta. Ciwo ya hana shi zuwa zaman farko, alƙali ya ce in aka sake kira babu shaida zai yanke hukunci. Na ce zan biya ta gidansa in ɗauko shi, ya ce shi za a koya wa lokacin kotu?

Ranar zama na biyu muna kan benci, Inna sai waige take. Agogo ya buga, aka kira shaida, shiru. Alƙali ya ba da umarnin a rushe katangar.

Muna fitowa sai ga Kawu yana hawo matakala a natse, cikin rigarsa ta fita kunya. Ya dubi fuskar ƙanwarsa, ya ɗaga kai ya dubi hasumiya.

"Yaya, an gama," in ji Inna.

Ya daɗe bai sauke kai ba.

"Da ni ne a sama," ya ce, "da na iso."